Yayana yana da arziki amma ya ce ya gaji da rayuwa

Assalamu alaikum. Yayanmu babban ɗan kasuwa ne a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ciniki na tafiya, ba bashi a kansa. Amma tun bayan Babbar Sallah ba ya barci, ya rame, shagon ma yara ya bar wa. Ranar Juma'a ya ce wa matarsa gara ya mutu ya huta.

An yi rubutu da ruƙiyya. An gwada shi a asibiti, ba maleriya, ba hawan jini. Dattawan unguwar Aboabo kuwa cewa suke mai kuɗi me zai dame shi, talaka ma bai kashe kansa ba. Wannan magana ta ƙara rufe masa baki.

Yaya zan shawo kansa ya ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye ba tare da ya ɗauka mahaukaci muke kiransa ba?