Gwaggo ta kawo mini maganin ƙiba, saura wata biyu biki

Amarya mai jiran gado, Gusau:
Assalamu alaikum. An sa ranata bayan Babbar Sallah. Jiya gwaggona ta dawo daga kasuwar Talata Mafara da wata kwalba, ta ce mai lasifika ya rantse cokali biyu safe da yamma, kafin a kawo lefe na cika zane. Takardar jikinta ta ce yana maganin basir, sanyi, ciwon baya, har da ƙarin soyayyar miji. Shi angon da ya zo zance na nuna masa, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a haka ya gan ni ya ce yana so. Amma ina jin nauyin gwaggo. In sha?

Uwar gida daga Ƙaura Namoda:
Ƙanwata, kada ki sha. Irin waɗannan "sha ka fashe" sau da yawa ana zuba musu wani maganin Bature mai suna dexamethasone. Fuska ce ke kumbura, ba ƙiba ba ce, kuma yana tayar da suga da hawan jini. Maƙwabciyata da ta sha, ranar kamu ko zobenta ya ƙi shiga yatsa. Ki karɓa hannu biyu, ki yi wa gwaggo godiya, ki ajiye. Ki riƙe fura da nono.

Wani malamin asibiti, Argungu:
Duba ko akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki. Kuɗin kwalba ta biyu kuma ku kai asibiti ku yi gwajin jini na sikila, ke da shi.

Amarya mai jiran gado:
Na duba, Malam, babu lamba. Gwajin kuma mun sa ranar Litinin.