"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": to wanda ba shi da ɗakin fa?

Dattijo Mai Sanda:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da nake so mu zauna a kanta ita ce "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Yadda na taso na ji ana amfani da ita, ana faɗinta ne don a tsawata wa mai shisshigi: bar mutum ya faɗi damuwarsa da bakinsa, ya fi ka sanin halin da yake ciki. Na daɗe ina fama da ciwon gwiwa da na ƙugu, kuma ita nake jefa wa yarana idan suka ce, "Baba ai ka warware, jiya mun ga ka taka da ƙafarka." Sun ga tafiyar, amma daren da ya biyo bayanta ni kaɗai na yi shi ido biyu. To kwanan nan na ji wani ya juya ta wata fuska da ta dame ni. An nuna masa wani tsoho da ke kwana a ƙarƙashin gada, ƙafarsa a kumbure, sai ya kaɗa kai ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya yi gaba. Wato ba ruwansa. Shin karin maganar ta ɗauki wannan ma'ana? Kuma wanda ba shi da ɗakin ma sam, ina matsayinsa a cikinta?

Ɗalibin Hausa:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Mutumin nan murɗe mata wuya ya yi. Sani karin maganar ta ba mai ɗaki, ba ta ce shi kaɗai zai hau rufi ya yi gyara ba. Abin da yake nufi yana da tasa maganar, "kowa tasa ta fisshe shi," sai dai ya ji nauyin faɗinta a gaban jama'a, ya laɓe a bayan wadda ta fi daɗin ji.

Malamar Jinya:
Baba sannu da jiki. Fahimtarka ita ce ta masana ciwo a yau. A 2020 ƙungiyar duniya mai nazarin ciwo, IASP, ta sabunta bayaninta, ta nanata cewa ciwo abu ne da mai shi kaɗai yake ji, kuma idan mutum ya ce yana jin ciwo a mutunta maganarsa. Babu na'urar da za a ɗora maka ta auna zafin da kake ji kamar yadda ake auna hawan jini. Shi ya sa muke tambaya: daga 0 zuwa 10, nawa za ka ba shi? Amsarka ita ce ma'auninmu.

Ciwon da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, shi ake kira ciwo mai daɗewa, kuma ba ku kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke da amosanin gaɓɓai irin na cinyewar guringuntsi, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kuma gwiwa ya fi kamawa. Abin da ya kamata yaranka su sani shi ne, hoton ƙashi ma ba ya faɗin duka labarin. Na ga tsohuwar da hotonta ya nuna gwiwa ta cinye sosai amma tana harkokinta, na ga wadda hotonta bai nuna wani abin a zo a gani ba amma ba ta iya miƙewa daga zaune sai ta dafa bango tana cije leɓe. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙonsa kan ƙara kaifi, har abin da bai kai ya kawo ba ya zama azaba.

Kafinta:
Ni rufi ne sana'ata, don haka ku bar ni na ɗan yi gardama. Mai ɗaki ya san inda ruwa ke ɗiga masa, wannan gaskiya ne. Amma sau da yawa ba nan ɓular take ba. Ruwa kan shiga ta bakin ƙusa can sama, ya bi katako ya gangara, ya je ya ɗiga a wani lungu daban. Mai ɗaki ya nuna mini lungun yana rantsuwa, ni kuwa sai na hau na bi sawun danshin kafin na ga mafarin. Don haka karin maganar tana da iyaka. Kada dattawanmu su riƙe ta su ƙi jin maganar likita.

Malamar Jinya:
Malam Kafinta ka faɗi gaskiya, haka jiki yake. Matsalar ƙugu kan bayyana a gwiwa, jijiyar da ta matsu a gadon baya kan aika zafi har tafin ƙafa. Inda na fi jin tsoro shi ne masu cewa "na san jikina" suna shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac kullum, wata da watanni, ba tare da an duba su ba. Ga mai shekaru waɗannan kan jawo gyambon ciki mai zubar da jini, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Wani kuma ya daina motsi gaba ɗaya don tsoron ciwo, naman cinya ya saki, gwiwar ta ƙara rasa madogara. Sai dai Malam, da mai ɗakin bai nuna maka lungun ba, ta ina za ka fara bin sawun?

Ɗan Kasuwa:
A gafarce ni, zan faɗi abin da wasu ke ji a ransu ba sa faɗa. Baba ciwonka daga Allah ne, tsufa ne ya kawo shi, kowa zai tausaya. Amma masu kwana a titi fa? Da yawansu shaye-shaye ne ya kai su, wasu sun ɓata da danginsu da hannunsu. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ban ga dalilin haɗa su da kai a karin magana ɗaya ba.

Hajiya Uwar Marayu:
Ɗana, ka lura da abin da ka yi kuwa? Ba ka tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ka riga ka san inda ɗakinsu ke yoyo da wanda ya ɓula shi. Irin wannan ne karin maganar ta zo ta hana.

Ma'aikacin Agaji:
Yallaɓai Ɗan Kasuwa, ba zan musa maka cewa akwai shaye-shaye a cikinsu ba, akwai. Amma a inda aka zauna aka tambaye su da kyau, amsar ta fi haka faɗi. A 2023 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka sun fitar da wani babban nazari kan marasa muhalli a jihar Kalifoniya. Kusan rabin manyan cikinsu da ke zaune su kaɗai sun kai shekara 50 ko sun haura, kuma kashi 41 cikin ɗari na waɗannan dattawan ba su taɓa rasa muhalli ba sai da suka kai 50. Mutane ne da suka yi rayuwarsu suna aikin ƙarfi, sai baya ya ƙi, ko abokin zama ya rasu, ko haya ta fi ƙarfin abin da ke shigowa. Ka ga ciwon da Baba ke magana a kai, shi kansa yana cikin hanyoyin da ke fitar da mutum daga ɗaki. Kuma wasu ma shaye-shayen bayan sun faɗa titi suka fara shi, don su samu barci ko su kashe zafin jiki.

Titi kuma yana tsufar da mutum da wuri. Mai shekara hamsin da 'yan kai a can za ka same shi da faɗuwa, da mantuwa, da raunin gani irin na wanda ya girme shi da shekara ashirin. A Ingila da Wales, ofishin ƙididdiga ya ƙiyasta mutuwar marasa muhalli 741 a 2021, matsakaicin shekarun mazan wajen 45, matan wajen 43.

Ku ɗauki shawarwarin da ake ba mai ciwon gaɓɓai ɗaya bayan ɗaya. Ka gasa wurin da ruwan ɗumi. Ka samu shimfiɗa mai kyau. Ka ɗaga ƙafa idan ta kumbura. Ka sha magani a kan lokaci. Duk cikinsu babu wadda ba ta buƙatar ɗaki. Na san wani dattijo da yake kwana a zaune, jakarsa ɗaure a damtse don kada a sace, maganinsa a cikin leda a ƙarƙashin riga. Saboda ba ya miƙewa, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ya tsaga bayansu da reza yana jan su. A birane da dama ma da gangan ake raba bencin hanya da ƙarafa don kada kowa ya kwanta.

Dattijo Mai Sanda:
Wannan ta shige ni. Ni idan ƙugu ya tashi cikin dare, na san filon da zan cusa tsakanin gwiwoyina, na san gefen da zan juya, akwai wanda zan kira ya ɗora mini ruwa. Da duk wannan nake cewa na sha wuya. Kuma zan ƙara da abu ɗaya: ba na son yadda ake yi mana da kalmar haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, na yarda, da shi nake tashi kowace safiya. Amma akwai mai ce maka "sai haƙuri" bayan ya zauna ya saurare ka, akwai kuma mai faɗinta tun ba ka rufe baki ba don ka yi shiru.

Ɗan Kasuwa:
Na ji, kuma alƙaluman sun ba ni mamaki. Amma har yanzu ina da tambaya. Idan ka ba mashayi ɗaki kyauta, ba ka taya shi lalacewa ba? Ai kamata ya yi ya gyara halinsa tukuna.

Ma'aikacin Agaji:
Haka aka daɗe ana yi: ka daina shaye-shaye, ka bi magani, sannan a ba ka makulli. Da yawa ba sa kai wa ƙarshen matakan. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya fara gwada akasin haka a birnin New York: a fara ba mutum gida, sannan a kawo masa likita da mai ba da shawara, ya zaɓi abin da zai fara da shi. Ƙasar Finland ta mayar da wannan ya zama tsarinta na ƙasa baki ɗaya a 2008, kuma adadin masu daɗewa ba muhalli ya ragu sosai a can. Gidan ba kyauta ba ne yadda kake zato, mutum yana sa hannu a takardar haya, yana biya daga abin da yake samu ko daga tallafin da ya cancanta. Ba zan ce maka yana raba kowa da shaye-shaye ba, binciken bai nuna haka ba. Abin da ya nuna a fili shi ne mafi yawansu suna zama a gidajen, ba sa komawa titi.

Ɗan Kasuwa:
To idan yana biyan haya, wannan wata magana ce. Amma ina nan a kan bakana cewa mutum yana da nasa alhakin.

Hajiya Uwar Marayu:
Yana da shi ɗana, ba wanda ya ɗauke masa. Ka bari ya samu inda zai miƙe ƙafa ya yi barcin dare ɗaya, da safe sai ka zauna ka tambaye shi alhakin nasa.