Gasar ƙera kayan taimakon naƙasassu: keken guragu mai batir ko na hannu?

Sadik, Aboabo:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, ɗaliban injiniya a jami'ar KNUST da ke Kumasi, Ghana, za mu shiga gasar ƙera kayan taimako ga masu lalurar ƙafa, kuma wata uku ya rage mana. Kanmu ya rabu: biyu na son keken guragu mai batir da na'urar gane cikas, biyu na son na hannu wanda zai iya bin lungunan Aboabo da Asawase. Wanne ya fi, kuma ta ina ake farawa?

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ku ajiye kwamfuta tukuna, ku nemi mutum ɗaya mai hawan keken kullum, ku roƙe shi ya shigo cikinku. Keken guragu kamar takalmi yake, sai an auna mai shi. Faɗin kujera ya zo daidai da faɗin ƙugunsa, domin in ya yi yawa zai karkace gefe guda. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar wurin yatsu biyu zuwa uku. Matakin ƙafa kada ya gaza santimita 5 daga ƙasa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kan keken hannu su zama abin karatunku na farko.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne matashin zama, alhali shi ke tsare rai. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafin dannuwa, sai gyambo ya buɗe a mazaunai, kuma gyambon nan yana kisa. Soson katifa kaɗai ba ya yi, nan da nan yake lotsawa. A sa soso mai tauri a ƙasa, a fafe shi daidai inda ƙasusuwan zama ke sauka, a shimfiɗa mai laushi a kai, a rufe da leda sannan yadi. Gwajinsa: da izininsa, a zura hannu ƙarƙashin ƙashin yana zaune. In yatsu ba sa iya motsi sama da ƙasa ko da milimita 5, a ƙara fafewa.

Usman mai walda, Suame:
Maganar Malam haka take. Ni ta ƙarfe zan ƙara. Ku bar alminiyom, ba kowace rumfa ke da injin waldarsa ba. Bututun baƙin ƙarfe kuwa, duk yaron shago a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, zai ɗinke shi in ya tsage. Tayoyin baya ku ɗauki na keke mai inci 26, boris kuma lamba 6202, duk ana samun su a kasuwa. Ƙananan tayoyin gaba irin na keken asibiti su ke kayar da mutane, suna maƙalewa a bakin kwata da cikin yashi. Taya ɗaya mai kauri a can gaba, da gangar jiki mai ɗan tsawo, ya fi zama lafiya a turbaya, sai dai juyawa a ɗaki matsattse zai yi wuya, don haka ku auna ƙofarsa da ta bayinsa kafin ku yanka ƙarfe.

Ƙarfen da tayar baya ke juyawa a kai, ku huda masa ramuka uku a jere. In ya matso gaba tuƙi zai yi sauƙi amma keken na saurin faɗuwa ta baya, in ya koma baya kafaɗa ce za ta sha wuya. Walda ta fi tsagewa a mariƙin tayar gaba da na matakin ƙafa, ku ƙara musu ɗan ƙarfe mai kusurwa uku.

Sadik, Aboabo:
Mun gode ƙwarai. To batir ɗin fa, mu haƙura da shi ke nan?

Malama Rabi:
A wata uku, ku haƙura, ɗana. Batir da injin lantarki na ƙara nauyi, ruwan damina na shiga wayoyi, kuma in ya mutu a hanya mutum ya tsaya ke nan. Keken da Amos Winter ya faro a jami'ar MIT ta Amurka ya yi suna ne da sanduna biyu na tuƙi da sarƙar keke, ba lantarki a jikinsa.

Alƙalan da suka san aiki shaida suke nema. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ingancin keken guragu, ISO 7176 kashi na 8, yana gwada keke da juyi 200,000 a kan ganguna masu tuntuɓe, da saki 6,666 daga tsayin santimita 5. Ko ba ku da injin, ku ɗora buhunan yashi kilo 100, ku riƙa sakin keken daga wannan tsayin, kuna duba walda bayan kowane ɗari kuna rubutawa. Ku ɗora shi a kan katako kuna ɗagawa har taya ta bar ƙasa, ku rubuta kusurwar ta gaba da baya da gefe. Ku gwada birki a gangara mai hawan mita 1 cikin mita 12. Sai duk wannan ya wuce da buhu kafin mutum ya hau, shi ma likitan gashi yana wurin. Sannan ku bar masa keken sati biyu, ku kai wa alƙalai abin da ya ce a gyara da abin da kuka gyara, tare da farashin kowane ƙarfe da noti a sidi.