In haɗa firi'am ɗin makirfo da hannuna, ko in sayi haɗaɗɗe?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Ina da makirfo Shure SM58, amma muryata ba ta fita sosai idan na jona shi a kwamfuta. Wani aboki ya ba ni fanel na firi'am (allon haɗa na'urar da ke ƙara ƙarfin muryar makirfo) wanda aka zana domin ai-si INA217, wato 'yar ƙwayar lantarkin da ke ƙara ƙarfin, ba a dasa masa komai ba, ni kuwa sau biyu kacal na taɓa narka dalma. Shin in sayo kayan in haɗa, ko in haƙura in sayi haɗaɗɗe? Ba na buƙatar wutar bolt 48 da ake tura wa wasu makirfo ta wayarsu, tunda makirfon nawa ba ya cin wuta.

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Ka fara da wutar bolt 48, wadda ake turawa ta rizisto biyu zuwa ƙafa ta 2 da ta 3 ta jakin XLR, wato jakin makirfo mai ƙafa uku, kuma kafasiton bakin shiga ya zama mai jure bolt 63.

Sabon Hannu: Na gode, Malam, amma na riga na ce ba na buƙatarta.

Tsohon Mai Rediyo: Ɗana, ni kwana tara na yi a kan irin wannan fanel. Ranar da na fara ba shi wuta, ashe na juya ƙafafun kafasito ɗaya, sai ya kumbura ya fashe, takardar cikinsa ta watsu a kan tebur. Da na canza shi sai gurnani ya taso, domin na ajiye taransifoma dab da wayar shiga, kuma muryar makirfo 'yar milibolt ce, duk abin da ya raɓe ta tare ake ƙara musu ƙarfi. Na matsar da taransifoma, na rufe fanel a akwatin roba, sai na ji wata tashar rediyo tana karanta labarai a ƙarƙashin muryata. Sai da na koma akwatin ƙarfe na haɗa shi da ƙafa ta 1 kafin ya yi shiru, sannan na gano ai-si ɗin ma jabu aka sayar mini.

Ɗan Barkwanci: Baba, ai riba ka ci, ka je neman firi'am ka dawo da rediyo.

Injiniya: Wannan duk rashin lissafi ne. Ƙarin ƙarfin INA217 shi ne 1 a tara da 10,000 da aka raba da rizisto ɗin saiti, don haka rizisto mai om 10 yana ba da kusan ninki 1,000, wato desibel 60. Ka yi amfani da batir biyu masu bolt 9, taransifoma ya fita daga zancen, kuma kayan ba su kai rabin kuɗin haɗaɗɗe ba.

Tsohon Mai Rediyo: Yallabai, a takarda ne ba su kai rabi ba. Ka lissafa akwati da jaki da mita da abin da za a ƙona, za ka ga sun zarce. Kai guda nawa ka haɗa da hannunka?

Injiniya: Uku, Baba, kuma babu wanda ya fashe.

Baban Hafsa: Maganar jabu ita ce gaskiya. Na sayi ai-si NE5532 guda goma a intanet, sai na goga yatsa da ɗan sinadari a kan ɗaya, rubutun ya goge tas. Mai kayan bai ƙara amsa saƙona ba.

Maman Sadiya: Nawa rubutunsu bai goge ba, amma huci suke yi kamar ana soya abu. Tun daga lokacin soket mai ƙafa 8 nake dasawa, domin in zare ai-si ba tare da na ƙona fanel ba.

Sabon Hannu: To, iyayena, in haɗa ɗin ne ko in saya?

Baban Hafsa: Hajiya, naki ma a leda ɗaya suka zo, ƙafafunsu a lanƙwashe?