Rimot ɗin fitilar ɗakin ajiya ba ya kamawa sai ƙofa a buɗe

Assalamu alaikum 'yan uwa, masana harkar lantarki ku agaza min. Ina son in riƙa kunna fitilar ɗakin ajiyata da ta tsakar gida daga cikin falo, ba tare da na fasa siminti don binne wayar makunni ba. Wuta kam akwai a ɗakin.

Na haɗa ƙaramin rilé (makunnin lantarki da sigina ke kunnawa) mai rimot na 433 MHz a cikin ɗakin ajiyar. Idan ƙofa a buɗe take yana kamawa lafiya lau, da an rufe kuwa shiru, ko na danna har yatsa ya gaji. Bango da rufin duk kwano ne, shi nake zargi da tare siginar. Batirin rimot sabo ne. WiFi ɗin gidan bai ma kai can ba, balle in yi maganar makunnin da ake kunnawa da wayar salula.

Shin in fito da rilé ɗin waje cikin akwatin roba mai hana ruwa, irin IP65, ko tsawaita eriyarsa kaɗai ya isa? Wanda kuma ya taɓa gwada Zigbee (wata hanyar haɗa na'urorin gida ta sigina, ba da waya ba) a ɗakin kwano, ya ya ƙare? Ba na son mai firikwensin motsi, kyanwa ma kunna shi take yi.