Jan biro a babi na biyu: wace kalma kuke ɗora wa masu bincike?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya malamin da ke duba kundin digirina na biyu ya dawo min da babin bitar ayyukan da suka gabata, duk ya sha jan biro. Kalmar "opined" kaɗai ya zagaye ta sau 23. A gefen shafi ya rubuta cewa mutumin da ya shekara biyu yana auna jinin yara a asibiti ba ra'ayinsa ya faɗa ba, sakamako ya samu. Abin ya tsaya min a rai, domin ni ina sauya kalmomin ne kawai don kada in yi ta maimaita "said". Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda ya yi.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ni a ranar kare kundi na gamu da tawa. Mai jarrabawa da ya zo daga wata jami'a ya buɗe shafi, ya ɗora yatsa a kan "claims", ya tambaye ni ko ina shakkar binciken mutumin. Na ce a'a, a kansa ma na gina nawa. Sai ya juya Hausa ya ce, "To me ya sa ka sa masa wai?" Nan take na gane. Idan kika ce wai Audu ya biya bashi, kowa ya san kin janye jikinki daga maganar. Haka "claims" take. Ita kuwa "shows" ko "demonstrates", kin sa hannu ke nan, in aikin ya rushe da ke zai rushe. "Suggests" ta mai sakamakon da ya nuna alama ce amma bai kai a yanke ba, "argues" kuma ta wanda ya kafa hujja yana kare matsayi. Tun daga ranar nake tambayar kaina da Hausa tukuna: ya gano ne, ya nuna, ko cewa kawai ya yi?

Abu Hanif: Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Suna bambanta sigar yankewa, irin "ƙala", da sigar da ke nuna rauni, irin "ruwiya" da "yuzkaru". Ni matsalata "studies have shown" ce, na cika babi da ita ba suna ba shekara. Malamata ta ce min wannan ruwaya ce babu isnadi.

Ɗan Damagaram: Mu da muka taso da Faransanci tamu daban ce. A can akwai sigar aikatau da ake ba da labarin da ba a tabbatar ba da ita, sai na ɗauko ta na mayar "would". Na rubuta cewa takin "would increase" amfanin gero, mai duba aikin ya ɗauka gwajin ma ba a yi shi ba. Da "may" da "appears to" na gyara.

Malama Hadiza: Ƙanwata, kada ki karaya, duk shekara sai na ga wannan a kundin ɗalibai. Ki lura da lokacin aikatau ma. Tsarin APA, wato ƙa'idar rubutun bincike da kawo madogara, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, yana son a ba da labarin bincike ɗaya da ya wuce da "found", a ajiye "have found" ga abin da aka daɗe ana bincike a kai har yanzu. Marubuta uku ko fiye kuma, sunan na farko da "et al." (wato "da sauransu") ya isa tun ambaton farko. Sannan kowane fanni da al'adarsa. Masanin harshe Ken Hyland ya duba maƙalu 80 daga fannoni takwas a 1999, ya ga masu falsafa da nazarin zamantakewa sun fi son "argue", injiniyoyi da masu kimiyya kuma sun fi karkata ga irin "report" da "show". Ki samo maƙalu biyar daga mujallar fanninki, ki ja layi a ƙarƙashin kowace kalma irin wannan. Zai amfane ki fiye da jerin kalmomin da ake turawa a WhatsApp.

Maman Ilham: Allah Ya saka muku da alheri. Daren jiya bayan yara sun kwanta na bi wuraren 23 ɗaya bayan ɗaya. Guda 15 sun koma "found", huɗu "argues". Sauran huɗun na kasa zaɓar musu kalma, domin ban karanta ayyukan da kaina ba, a kundin wani na gan su. Gobe in Allah Ya kai mu zan shiga laburare in nemo su. Malama, wanda na rasa, "as cited in" (wato kamar yadda wani ya kawo shi) zan sa masa ko in cire shi gaba ɗaya?