Ekstenshan ɗina yana zafi yana ƙauri: a gyara shi ko a sayi sabo?

Uwar Gida

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta. Muna da ekstenshan mai baki biyar a falo, wanda talabijin da dikoda da fanka da cajojin waya suke jone a jikinsa, wani lokacin kuma yara sukan jona dutsen guga saboda soket ɗin bango yana bayan kujera. Yanzu baki biyu sun yi baƙi, robar da ke kewaye da su ta ɗan narke, kuma idan aka sa fulogi ba ya zama daram sai an tokare shi da wani abu. Idan aka taɓa shi yakan yi tartsatsi, jiya da daddare kuma har ƙaurin roba muka ji. Wani yaro a maƙwabta ya ce zai buɗe shi ya matse ƙarafunan ya naɗe da salatif. Shin wannan gyaran zai wadatar, ko kuwa in haƙura in sayi sabo?

Mai Wayarin

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki zare shi daga bango yau, kada a kwana da shi a jone. Ekstenshan ɗin da ya kai ga narkewa da ƙauri ya wuce gyara.

Dalilin kuwa shi ne, a cikin kowane baki akwai ƙarafa siriri da ke kama ƙafafun fulogi da ƙarfi. Idan suka saki, wutar tana bi ne ta ɗan ƙaramin wurin da suka taɓa juna, sai wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, ya kuma bar masa baƙi a jiki wanda ke ƙara hana wuta wucewa yadda ya kamata. Haka abin ke ta ƙaruwa har robar ta kama. Ƙarfen da ya riga ya sha zafi ba ya komawa yadda yake ko da an matse shi, robar da ta ƙone kuma ba ta sake tsare wuta kamar da. Salatif zai rufe wa ido matsalar ne kawai. Abin da ya fi muni shi ne fis ba ya yankewa saboda irin wannan zafin, domin fis yana kare yawan wuta ne, ba sakin ƙarfe ba.

Ina kyautata zaton dutsen gugar ne ya gaggauta lalacewarsa. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya iyakarsa amfiya 13, wato kimanin wat 3,000 a kan bolt 230, kuma wannan adadin na ekstenshan ɗin ne gaba ɗaya, ba na kowane baki ba. Talabijin da dikoda da fanka da cajoji duka a haɗe da wuya su kai wat 300, amma dutsen guga shi kaɗai yakan ja daga 1,000 zuwa 2,000. Da yawa daga cikin ekstenshan masu arha da ke kasuwa wayarsu ba za ta iya ɗaukar abin da aka rubuta a jikinsu ba. Dutsen guga da butar lantarki da hitar ruwa, wurinsu soket ɗin bango ne kai tsaye, ko da hakan na nufin a ja kujerar nan gefe.

Tsohon Malami

Ban ƙi maganar mai wayarin ba, amma ina ganin bai kamata mutane su ɗauka cewa duk ekstenshan ɗin da ya daina aiki na bola ne ba, musamman a wannan yanayi da kaya suka yi tsada. Sau da yawa fis ne ya ƙone, ko kuma waya ce ta kwance a cikin fulogin, kuma wannan gyara ne na minti kaɗan: mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce abokiyarta, mai kore da rawaya kuma ita ce ta ƙasa, wadda ke shiga doguwar ƙafa. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ɗabi'ar maye gurbin fis da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Naki dai, Hajiya, tunda ya yi baƙi, na yarda ya gama aiki.

Mai Shagon Kayan Wuta

Hajiya, idan za ki sayi sabo, kada kyawun roba da fitilu masu launi su ɗauke miki hankali. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa, ki duba rubutun da ke jikin wayar, ki nemi wadda aka rubuta 1.5mm² a jikinta, mai zare uku a ciki. Akwai waɗanda robarsu ce kawai mai kauri, zaren ciki kuwa ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne aka shafa wa launinsa, kuma irinsu sun fi saurin zafi da karyewa. Ki gwada fulogi a shagon. Idan ya shiga ba tare da ɗan ƙarfi ba, ki ajiye. Ni na fi son mai baki murabba'i zalla a kan wanda ke karɓar kowane irin fulogi, domin na biyun ba ya kama ko ɗaya da kyau. Cusa caja mai ƙafa biyu zagayayyu ta hanyar zura biro a ramin sama yana buɗe ƙarafunan ciki, don haka ki haɗa da adafta mai kyau.

Uwar Gida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zare shi. Sauran tambayata ita ce firjin ɗakin girki, wanda shi ma a kan wani ekstenshan yake, kuma wayar ta yi tsawo har na naɗe ta na tura ƙarƙashin leda.

Mai Wayarin

Amin, Hajiya. Firji ba ya jan wuta da yawa idan yana tafiya, amma duk lokacin da injinsa zai tashi yakan ja ninki da yawa na abin da ya saba, kuma abin yana ƙaruwa idan wutar ta zo ba ƙarfi. Ya fi dacewa a kira mai wayarin ya sa masa soket nasa a bango. Kafin nan ki warware wayar ki fito da ita fili, domin wayar da aka naɗe ko aka rufe ba ta samun iskar da za ta huce, kuma ba za ki ga lokacin da ɓera ya ci ta ba. Shi kuma tsohon na falo, ki yanke wayarsa daga gindi kafin ki ba 'yan jari-bola, don kada wani ya tsince shi ya kai ɗakinsa ya jona.